Kujerar Bakin Ƙofa a Jirgin Bogor

"Kalli nan, Neng. Ke ce ko ba ke ba ce?"

Lisna, wadda yake kira Neng yadda ake kiran 'yan mata a garinsu, ta dubi wayar da saurayinta Galih ya miƙo mata. Ita ce mana. Ga ta zaune a kujerar bakin ƙofa ta taragon mata, ta jingina kai da ƙarfe, ido a rufe, ga kuma ɗan bajon nan ruwan hoda maƙale a mayafinta, irin wanda ake ba masu juna biyu domin a tashi a ba su wurin zama. Wanda ya ɗauki hoton ya san abin da yake yi, har rubutun jikin bajon ana karantawa.

Suna tsaye ne a tashar Manggarai da ƙarfe shida na yammacin Talata, lokacin da mai hankali ba ya tsayawa. Mutane na gangarowa daga matakala a guje, wannan ya bangaje ta, wancan ya taka shi, wata mata ta ja musu tsaki ta wuce. Cikin su biyun babu wanda ya motsa.

"Ni ce, Kang." Haka take kiran sa, wato Yaya.

"Saura kwana goma sha biyu baikonmu."

"Na sani..."

"Ni kuwa ko hannunki ban taɓa riƙewa ba, in ba ranar da takalminki ya faɗa ƙarƙashin jirgi ba."

A nan ɗin suka haɗu shekara biyu da suka wuce. Turereniya ta cire mata takalmi ɗaya, tana tsaye da ƙafa guda tana shirin kuka, sai ga wani dogon saurayi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya zaro silifas ɗin alwalarsa daga jaka ya ajiye a gabanta. Sun yi mata yawa, haka ta ja su har asibitin haƙorin da take aikin karɓar baƙi. Da ta zo mayar masa ya ce ta riƙe, zai zo gida ya karɓa. Ya zo ɗin, ya kuma ci gaba da zuwa, amma silifas har yau suna ƙarƙashin gadonta.

"Ba ni da ciki, Kang Galih. Wallahi ba ni da shi."

"Na yarda. Tun kafin ki rantse na yarda. To bajon na waye?"

Ta sunkuyar da kai.

"Neng... ruhina... ko kalma ɗaya ce ki ba ni, in samu abin da zan riƙe in shiga gida. Ibu, mahaifiyata, aka tura wa hoton nan fa, ba ni ba."

"Ka ba ni sati uku."

"Sati uku ba ya shiga cikin kwana goma sha biyu."

Jirgin Bogor ya iso. Ta nufi taragon mata, shi ya kutsa na kowa da kowa, yau babu ko "sai mun yi waya".

Bajon na yayarta ne, Entin, wadda take kira Teteh.

Entin tana aure a Citayam, mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne, sai ya yi wata shida bai ga gida ba. Ita kuma tana tsaron shagon yadi a kasuwar Tanah Abang. Sau biyu tana ɓari. Na biyun a cikin jirgin nan ne: wata safiya aka taka birki, rabin tarago ya zube a kanta, kafin a kai Manggarai ta ji ɗumi yana bin ƙafarta. Duka biyun ta yi saurin faɗa, aka yi murna, surukarta har ta fara saƙa 'yan safa. Bayan ɓarin surukar ba ta ce uffan ba, sai dai kallon da take bin ta da shi ya fi zagi ciwo. Mamah kuwa, mahaifiyarsu, hawan jininta ya tashi, sai da ta kwana biyar a asibiti.

Shi ya sa da aka samu na uku, Entin ta kama hannun ƙanwarta ta ce, "Ki yi min alkawari tsakaninki da Allah, Lis. Babu wanda zai ji sai ya cika wata huɗu an yi walimar addu'a."

"Har Kang Galih, Teteh?"

"Har shi. Galih yana da uwa, uwa kuma tana da maƙwabta."

Barin aiki zai tona abin da take ɓoyewa, don haka jirgi ya zama dole. Duk wanda ya san layinmu kuwa ya san bajo ba ya da amfani a Citayam. Kafin jirgi ya iso nan ya cika ya batse, ko hanci ke miki ƙaiƙayi ba ki da halin ɗaga hannu ki sosa. Na zaune kuma duk sun yi barci. Mu mutanen layin Bogor babu wanda ya kai mu iya barcin ƙarya, sai ki ga mace tana danna waya tana murmushi, tsohuwa na sako ƙafa ta fara minshari. Kujera sai wanda ya hau tun daga Bogor, inda jirgi ke tashi. Ta bakin ƙofa ita kaɗai mai shigowa daga Citayam za ta iya kaiwa, ita kuma ta tsofaffi ce da masu ciki, lafiyayyar budurwa na zama jami'in tsaro zai tashe ta.

Sai Lisna, da ke zaune da Mamah a Bogor, ta karɓi bajon. Kullum tana idar da asuba ta fito, ta maƙala shi, ta kama kujerar. A Citayam ta miƙe, Entin ta zauna, bajo ya koma ƙarƙashin mayafin mai shi. Sati shida ke nan suna haka.

Ranar Asabar Ibu Imas, mahaifiyar Galih, ta aika a kira ta gidansu a Depok.

Lisna ta sumbaci hannunta ta zauna a gefen kujera. Wadda ta kawo shayi Yuyun ce, 'yar aminiyar Ibu da ke Cilebut, wadda tun tana firamare ake tsokanarta da matar Galih har ta ɗauki wasan da gaske. A tarago ɗaya suke hawa kullum ita da Lisna. Lisna na ganin ta ta san daga inda hoto ya fito.

Ibu Imas ba mai ɗaga murya ba ce. Shekara ashirin da shida tana bin jirgin nan zuwa ɗakin girkin wata makaranta kafin ta yi ritaya, magana takan fito mata a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Galih ya ce ba ki da ciki. Na karɓa."

"Na gode, Bu."

"Kada ki gode tukuna. Ɗayan biyu ne, Neng. Ko kina da shi, ko kuma ƙarya kika rataya a ƙirji kika zauna a wurin masu shi. Ni na biyun ya fi min ciwo."

Galih da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Bu..."

"Yi min shiru." Ta maida ido kan Lisna. "Galih ba shi ne na fari ba. Na taɓa tsayawa a jirgin nan da cikin wata bakwai, daga Depok har Kota, lokacin ko ƙofa jirage ba sa rufewa. Wata yarinya tsararki tana zaune a gabana, ido a rufe, ina ganin gashin idonta yana rawa. A tashar Cikini aka danne ni da ƙarfe, na rasa shi. Namiji ne. Har suna mun zaɓa masa, Wira. Ban taɓa kiran sunan da ƙarfi ba."

Hawaye suka zubo wa Lisna. Maganar ta taso mata har maƙogwaro, kalma uku ce kawai, *na Teteh ne*, ta san tana faɗa matar nan za ta rungume ta. Sai ta hango Yuyun tsaye da faranti ta kasa kunne. Ta haɗiye.

"Kina da abin cewa?"

"Ba ni da shi yanzu, Bu."

"To ni ma ba ni da ƙafar zuwa Bogor ranar Lahadi ta sama. Ki faɗa wa mahaifiyarki mun ɗaga."

"Ina roƙon alfarma ɗaya. Kada Mamah ta ji dalili, jininta..."

"Ba daga bakina ba."

Yuyun ce ta rako ta bakin get, wai ladabi.

"Kada ki ga laifina, Lis. Abin da na gani na ɗauka."

"Kin ga abin da ake yi a Citayam ma."

"Ayya, cajin wayata ba ya kaiwa Citayam."

Washegari Lisna ta tafi gidan Entin da niyyar ta roƙe ta ta sake ta daga alkawari. Duk hanya tana shirya kalmomi. Ta tarar da ita kwance, ƙafafu bisa filo, kalanda a hannu, ta soke kwanakin da suka wuce da jan biro.

"Saura goma sha shida, Lis," in ji ta da raɗa, don surukar na tsakar gida. "Ban taɓa kaiwa nan ba. Jiya na yi mafarkin ina masa wanka."

"Allah ya nuna mana, Teh."

"Ba don ke ba... Ya shirin baiko? Me ya samu idonki?"

"An ɗan ɗaga. Kawunsa ne ba lafiya."

Ta bare mata lemo, ta matsa mata ƙafa, ta koma gida da kalmominta yadda ta zo da su.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Lisna nauyi. Galih bai kira ba. Saƙo ɗaya yake turowa kullum da azahar, *Kin ci abinci?*, ita kuma ta amsa *Na ci*, alhali ba ta ci ba. Tana son sa, son da ita kanta ba ta san ya kai haka ba sai da ta ga yana neman suɓuce mata. Kuma ba ta fasa maƙala bajon ba. Abu ɗaya ne ya canza: barcin ƙarya ya gagare ta. Tana rufe ido sai ta ga Ibu Imas tsaye da cikin wata bakwai.

Ranar Alhamis an tashi da yayyafi, ranar da kowa ke ajiye babur ya bi jirgi. A Cilebut turereniya ta cillo wata tsohuwa mai tabarau da takunkumin fuska, ta tsaya daidai gwiwar Lisna, hannunta bai kai maratayi ba, sai lilo take yi tsakanin jikkunan mutane. Lisna ta dubi sauran kujerun layin. Tsofaffi biyu, da wata mai jariri a ƙirji. Babu mai tashi sai ita.

Tasha biyu ta rage a kai Citayam.

Ta runtse ido. Ta buɗe. Ta ji kamar ƙirjinta zai tsage.

"Zauna nan, Bu."

Tsohuwar ta nuna bajon da yatsa.

"Ba nawa ba ne." Ta cire shi ta damƙe a tafin hannu. "Zauna, ƙafata ta fi taki ƙwari."

Wata mai jan mayafi a gefe ta ce, "Oho, ashe cikin na cirewa ne." Wasu suka yi dariya.

A Citayam ƙofa ta buɗe, aka turo Entin ciki kamar buhu, tana kare mararta da jaka. Idonta ya sauka a kan kujerar, ya dawo kan ƙanwarta, jinin fuskarta ya ɗauke.

"Lis..."

"Zo nan, Teh. Kada ki ce komai."

Ta jawo ta lungun da ke tsakanin ƙofa da gilashin gefen kujera, ta juya wa tarago baya, ta dafa hannu ɗaya a ƙarfe ɗaya a bango, ta kafa ƙafafu. Ta samar wa yayarta fili kamar faɗin faranti.

A Depok aka ƙaro mutane. A tasha ta gaba aka sake ƙarowa, jami'an tsaro na dannawa daga waje don ƙofa ta rufu. Kan lemar wata ya nitse a haƙarƙarin Lisna. Wata ta taka mata dunduniya, takalmin ya fita, ba ta san inda ya yi ba. Hannuwanta suka fara gajiya, gumi na shiga mata ido.

"Ke 'yar nan, matsa mana, ke kaɗai kika sayi jirgin?"

"Yi haƙuri, Bu, ba zan iya ba."

Sai aka taka birki.

Tarago gaba ɗaya ya taho. Nauyin mata fiye da talatin ya sauka a bayanta, gwiwar hannunta ta lanƙwashe, goshinta ya bugi gilashi, ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Amma ba ta faɗa kan Entin ba. Ta tura, ta miƙar da hannun.

"Numfasa, Teh," in ji ta a kunnenta. "Babu abin da zai taɓa shi sai ya bi ta kaina."

Sai wani hannu mai jijiyoyi ya ratso ta ƙarƙashin nata ya kama wuyan hannun Entin. Tsohuwar ce ta miƙe.

"Zauna."

Lisna ta san muryar tun kafin takunkumin ya sauka.

Ibu Imas ta zaunar da Entin, ta tsaya a gabanta kafaɗa da kafaɗa da Lisna, ta sunkuya ta ce a hankali, "Wata nawa?"

Entin ta dubi ƙanwarta a tsorace.

"Kada ki kalle ta, ba ta faɗa ba. A kan idonta na ɗaga baikonta, ta haɗiye ta tafi."

"Baikonki, Lis? Kika ce min kawunsa ne ba lafiya..." Entin ta juya ga tsohuwar. "Uku da rabi, Bu. Na rasa biyu. Ni na sa ta rantse, laifina ne, don Allah..."

"Ban ji ba, ban gani ba. Share hawayenki, kuka yana girgiza ciki."

Ta buɗe tafin Lisna. Allurar bajon ta huda shi, ba ta ma ji ba. Ibu ta goge jinin da gefen mayafinta, ta maƙala wa Entin bajon a ciki inda ba a gani.

"Abin da kika yi ba daidai ba ne, Neng."

"Na sani, Bu."

"Sau nawa kika rufe ido wata na tsaye?"

"Sau huɗu. Ina tuna fuskokinsu."

"Ki ci gaba da tunawa." Ta gyara tsayuwa jirgi na jijjiga su. "Daga gobe ni zan riƙe kujerar. Zan hau jirgin farko in koma Bogor, in dawo da shi. Ni tsohuwa ce, babu jami'in da zai tashe ni, ba kuma sai na rataya ƙarya ba."

"Bu, gwiwarki..."

"Gwiwar da ta yi shekara ashirin da shida a tsaye? Ni babu wadda ta tare min ranar nan. Bari in ga yadda abin yake in an tare."

A Manggarai suka fito su uku, Entin a tsakiya. Galih na tsaye jikin ginshiƙi, da alama ya bar jirage da yawa sun wuce. Ya dubi uwarsa, ya dubi leɓen Lisna da ya kumbura, sannan ya dubi ƙafarta ɗaya da ke cikin safa a kan jiƙaƙƙen siminti. Ya buɗe jaka ya zaro silifas ya ajiye a gabanta.

"Na biyu ke nan," in ji shi. "Za ki ƙarar min da su."

"Kai ka turo Ibu?"

"Na daɗe ina ganin yadda kike buɗe wa Teteh hanya da gwiwar hannu in kun fito. Na yi zargin wani abu, amma namiji ba ya shiga taragonku. Kwana biyar ina roƙon ta ta shiga ta gane min. Jiya ta kwana gidan aminiyarta a Cilebut don ta hau daga can."

"Ka yi shakkata, Kang?"

"Kwana ɗaya. Ki yafe min shi, Neng."

Ta zura ƙafa cikin silifas ɗin, sun yi mata yawa kamar na farko. Kukan da ta danne tun Talatar nan ya ƙwace mata a tsakiyar tasha, mutane na bangazarta suna wucewa.

Ibu Imas ta gyara tabarau. "Galih, ka kira kawunka ka ce ya warke. Lahadi muna Bogor."

An yi baiko ranar da aka sa. Yuyun ba ta zo ba, ta kuma koma hawa taragon mata na can ƙarshen jirgi. An yi walimar wata huɗu, Mamah ta yi kuka amma jininta bai tashi ba. Bayan wata biyu aka ɗaura auren Lisna da Galih. Ibu Imas kuwa wata huɗu cur tana komawa Bogor da jirgin farko, ruwa ko iska, ta zauna a kujerar bakin ƙofa ido a buɗe tar, har ranar da Entin ta ajiye aiki.

Namiji ta haifa.

Ranar suna gida ya cika, Lisna na ta kai-kawo da farantai, sai Entin ta yafito ta. "Kira min surukarki."

Ibu Imas ta shigo tana ɗingishi, Entin ta ɗora mata jaririn a cinya.

"Babansa ya yarda da sunan, Bu, in ke kin yarda. Amma ke za ki fara kiran sa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon fuskar yaron, leɓenta na motsi babu sauti. Lisna ta durƙusa ta dafa mata gwiwa.

"Wira," in ji Ibu Imas.

Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, har na tsakar gida suka ji.